Yadda Za A Yi Kyautar Kirsimeti Ba A Ci Bashi Ba, Ba A Taɓa Rumbu Ba

Ranar 25 ga watan Disamba ita ce ranar Kirsimeti. A wannan rana ce Kiristoci suke bikin tunawa da haihuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi suke kira Annabi Isa. A Nijeriya gwamnati takan ba da hutu ranar 25 da ranar 26. A garuruwa irin su Kafancan, Zonkwa, Pankshin, Billiri, Kaltungo, Numan, Zuru, Tafawa Ɓalewa da Wusasa, da ƙauyukan da ke kewaye da su, biki ne babba. 'Yan gida da ke aiki a birni sukan dawo. Akan dafa shinkafa, a yanka abin yankawa, yara su sa sababbin kaya, a kai wa maƙwabta abinci.

Biki yana da daɗi, amma yana cin kuɗi. Ga shi kuwa kaya sun yi tsada a 'yan shekarun nan. A ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnatin tarayya ta cire tallafin man fetur. Kuɗin mota ya tashi, kayan masarufi suka bi shi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 tsadar kaya ta ƙaru da kashi 34.8 cikin ɗari a kan ta Disambar 2023. Ma'ana, abin da aka saya naira 100 a Kirsimetin 2023 ya kai kusan naira 135 a Kirsimetin 2024.

Saboda haka magidanta da yawa sukan shiga damuwa idan Disamba ta matso. Yara suna jiran kaya. Uwargida tana jiran zane. Tsofaffi suna zuba ido. Wani sai ya ci bashi. Wani sai ya buɗe rumbu ya kai hatsi kasuwa. Biki ya wuce cikin kwana biyu, wahala ta zauna wata shida. Alhali akwai hanyar da kowa a gida zai sami kyautarsa ba tare da an shiga wannan hali ba. Hanyar ita ce a fara shiri da wuri, a yi lissafi, a kuma duba abin da gona da hannu za su iya bayarwa.

ASALIN KYAUTAR KIRSIMETI

A cikin Littafi Mai Tsarki, Linjilar Matiyu sura 2 ta ba da labarin waɗansu masana da suka zo daga gabas. Sun kawo wa jaririn kyauta iri uku: zinariya, lubban da mur. Kiristoci da yawa suna danganta al'adar ba da kyauta da wannan labari. Amma Linjilar Luka sura 2 ta nuna cewa a komin dabbobi aka kwantar da jaririn, kuma makiyaya ne suka fara zuwa ganinsa. Haka nan a Linjilar Markus sura 12 akwai labarin wata gwauruwa matalauciya. 'Yan kuɗi biyu kawai ta jefa a wurin baiko, aka ce ta fi masu arziki bayarwa, domin ta ba da iyakar abin da take da shi.

Ke nan babu inda aka ce sai kyauta ta yi tsada. Wanda ya ba da kaɗan da zuciya ɗaya bai gaza ba. Hausawa ma sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

ME YA SA BA A SON TAƁA RUMBU?

Kirsimeti tana zuwa ne bayan kaka. Masara, dawa, gero, wake da shinkafa duk sun shigo gida. Kowa yana kai kaya kasuwa a lokaci ɗaya, don haka a yawancin shekaru farashin hatsi yakan faɗi a wannan lokaci. Idan damina ta yi nisa, wajen watan Yuni zuwa Agusta, rumbuna sun yi ƙasa, farashi yakan hau. Wanda ya sayar da hatsinsa da araha a Disamba, shi ne zai koma ya saye shi da tsada a Agusta, lokacin da ake tsakiyar aikin gona kuma ake bukatar ƙarfi.

Ga lissafi mai sauƙi. A kasuwannin da ake awo da tiya, babban buhu yakan ci tiya kamar 40. A ce gida yana cin tiya ɗaya kullum. Buhu ɗaya abincin kwana 40 ke nan. Daga watan Nuwamba zuwa fitowar sabon amfani a watan Satumba akwai wata goma, wato kwana kamar 300. Wannan gida yana bukatar buhu bakwai da rabi. Idan buhu takwas ne a rumbu aka sayar da biyu don biki, an sayar da abincin kwana 80, kuma gidan zai rasa abincin wata biyu a tsakiyar damina.

Don haka abu na farko shi ne a auna hatsi. A ware na ci. A ware na iri. Abin da ya yi saura, shi kaɗai ne na sayarwa. Abu na biyu shi ne a tuna da watan Janairu. A farkon Janairu yara suke komawa makaranta zango na biyu. Akwai kuɗin makaranta, littattafai da kayan sawa. A cire wannan kuɗi a ajiye gefe kafin a fara maganar biki.

A RUBUTA KAFIN A JE KASUWA

Wanda ya shiga kasuwar Disamba ba da takarda ba, idonsa ne zai yi masa sayayya. A sami takarda da fensir. Maigida da uwargida su zauna tare. A rubuta sunan kowa da ake so a ba kyauta. A gaban kowane suna a rubuta abin da mutumin ya fi bukata. Sannan a rubuta ko za a saya ne, ko za a yi shi a gida.

Ga misali. A ce abin da gida zai iya kashewa naira 20,000 ne. Ana iya raba shi haka:

Abincin biki: naira 10,000
Kayan yara: naira 5,000
Iyaye da tsofaffi: naira 3,000
Baiko a coci da abin da ka iya tasowa: naira 2,000

Wani gida yana da fiye da haka, wani bai kai ba. Ba yawan kuɗin ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne kada a wuce abin da aka rubuta. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Yana da kyau a gaya wa yara gaskiya tun da wuri. Yaron da aka ce masa bana silifa da rigar sanyi zai samu, zai jira su da murna. Wanda aka yi wa alkawarin keke aka kasa, shi ne zai yi biki da kuka.

TARA KUƊI KAƊAN-KAƊAN

Da sanyin safiya ake kama fara. Wanda ya fara jefa naira 100 a asusu kullum daga 1 ga Oktoba zuwa 20 ga Disamba, ya yi kwana 81. Idan ya fasa asusun zai sami naira 8,100. Matar da take ajiye naira 500 duk ranar kasuwa har mako 12, za ta tara naira 6,000.

Adashe ma hanya ce. Mata da yawa suna yinsa a unguwa ko a cikin ƙungiyar zumuntar mata ta cocinsu. Mai son kuɗin biki sai ta roƙa a sa kwasarta a watan Nuwamba. A tabbata uwar adashe mai amana ce, kuma a riƙa rubuta duk zubin da aka yi a littafi.

Saye da wuri yana rage tsada. A makon Kirsimeti kowa yana neman atamfa, takalmi, shinkafa, mai da kaji, sai 'yan kasuwa su ƙara kuɗi. Kuɗin mota ma yakan ƙaru. Abin da ba ya lalacewa, kamar yadi, takalmi, sukari da fulawa, gara a saye shi tun Nuwamba. A kai wa tela ɗinki da wuri. Tela da ɗinki ya yi wa yawa yakan ƙara kuɗi, kuma yakan saɓa alkawari.

KYAUTAR YARA

Kirsimeti tana faɗowa a tsakiyar hunturu. A Filato da kudancin Kaduna sanyi yakan yi tsanani da dare da asuba. Saboda haka rigar sanyi, hula da safa kyauta ce mai amfani ƙwarai. Ana samun masu kyau a gwanjo da kuɗi kaɗan. A duba ɗinki da zif da maɓalli kafin a biya. A wanke da sabulu, a shanya a rana, a goge. Kayan gwanjo mai tsabta ba abin kunya ba ne.

Idan za a ɗinka sabo, turmin atamfa yadi shida ne. Turmi ɗaya yana iya fitar da riguna na ƙananan yara uku. A ce wa tela ya yi su da ɗan girma, ya bar lanƙwasa a ƙasa, don a kwance idan yaro ya ƙara tsawo. A karɓo ƙyallayen da suka rage. Da su ake ɗinka ɗankwali ko jakar zuba littattafai.

Kayan makaranta ma kyauta ce. Littafin rubutu, fensir, biro da takalmin makaranta abubuwa ne da dole a saye su a Janairu. Idan an saye su a Disamba aka naɗe a takarda mai kyau, aka rubuta sunan yaro a kai, an yi kyauta kuma an rage nauyin Janairu.

Abin wasa ba sai na kanti ba. Yayye suna iya ƙera wa ƙanne mota ta kara ko ta gwangwani. A lanƙwashe bakin gwangwanin don kada ya yanki yaro. Uwa ko yaya tana iya ɗinka 'yartsana da ƙyalle da auduga. Ƙwallo ɗaya kuwa ta ishi yaran gida duka.

KYAUTAR DA KE HAIHUWA

Akwai kyautar da ba ta ƙarewa ranar biki. Budurwar kaza tana cikinsu. Kazar gida takan yi ƙwai goma ko fiye kafin ta kwanta. Tana kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Yaron da aka ba kaza ɗaya a Disamba, idan ya kula da ita, kafin wata Kirsimetin yana iya samun garke. Daga nan zai sayi littafinsa da kansa, ya kuma koyi kiwo da tattali.

Sai dai a kula. Lokacin hunturu ne annobar kaji ta fi yawa, kuma kasuwa tana yaɗa ta. Ya fi kyau a sayi kaza a gidan da aka san kajinsa lafiya lau suke. Idan daga kasuwa aka sayo ta, a ware ta ita kaɗai mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. Akwai rigakafin wannan cuta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana yin sa. A tambayi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Zomo ma yana da saurin yaɗuwa. Cikinsa wata ɗaya ne, kuma ciyawa da ganye yake ci. Mai hali yana iya ba da 'yar akuya. Akuya tana haihuwa bayan wata biyar da ɗaukar ciki.

Dashen itace ma kyauta ce. Gwanda takan fara 'ya'ya cikin shekara ɗaya. Mangwaro mai aure yakan fara bayan shekara uku ko huɗu. Zogale yana saurin girma, ganyensa kuma abinci ne. Tunda rani ne, a dasa kusa da inda ake alwala ko wanke-wanke, ko a bar shi a leda ana ba shi ruwa har damina. A kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

TSAKANIN MAIGIDA DA UWARGIDA

Idan turmi ya fi ƙarfin maigida, falle ɗaya na zane yadi biyu ne, kuma ya isa kyauta. Mutum uku suna iya haɗa kuɗi su sayi turmi su raba. Ɗankwali, silifa, man shafawa ko sabuwar tukunya duk abubuwa ne da mace za ta daɗe tana mora. Wani abin da ya fi su shi ne ɗan jari. Tiya biyu ta gyaɗa ko ta wake tana iya zama mafarin sana'ar ƙuli-ƙuli ko ƙosai.

Uwargida kuma tana iya saƙa wa maigida hular sanyi, ko ta saya masa tocila, ko sabuwar ƙota ta fartanya. Buhun ajiyar wake mai ruɓi uku, wanda ake kira PICS, kyauta ce mai kyau ga manomi. Idan an ɗaure shi sosai iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an sa magani ba, kuma ana iya sake amfani da shi muddin bai huje ba.

Gida kuma yana iya yin shawara a sayi abu ɗaya na kowa da kowa. Misali fitila mai caji da hasken rana. Yara za su yi karatu da ita, uwa ta yi girki, a huta da sayen batir da kananzir.

IYAYE DA TSOFAFFI

Tsoho ba ya neman ado. Abin da yake nema shi ne ɗumi, abinci mai laushi da wanda zai tuna da shi. Bargo, rigar sanyi da safa sun dace. Man kaɗanya yana maganin bushewar fata da faso a lokacin hunturu. Kwalbar zuma, garin kunu, acca, daddawa, kuka ko busasshiyar kuɓewa duk suna faranta ran tsohuwa. Damin itacen girki da aka faskara aka jera mata a bakin ɗaki ma kyauta ce.

Idan 'ya'ya suna da yawa, ba sai kowa ya sayi nasa daban ba. Su haɗa kuɗi su sayi abu ɗaya mai ƙwari, kamar bargo mai kauri ko katifa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ABIN DA AKE YI A GIDA

Kayan kanti suna da tsada saboda kwali da leda da kuɗin mota. Abin da aka yi a gida ya fi araha, kuma ya fi auki.

Cincin shi ne kan gaba a bikin Kirsimeti. Ga yadda ake yin sa. A sami fulawa gwangwanin madara 8, sukari gwangwani 2, ƙwai 2, bota ko man gyaɗa cokali 4, da gishiri kaɗan. A haɗa su a kwano. A riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan ana murzawa har ya haɗe ya yi tauri. A murza shi da kwalba a kan tire mai tsabta, a yanka ƙanana. A soya a mai mai zafi har ya yi ja. A bari ya huce sarai kafin a rufe shi. Idan an zuba shi a busasshen mazubi mai murfi yakan yi makonni bai lalace ba. Kwaɓi ɗaya yana isa a ƙulla wa gidaje da yawa.

Kantu ma yana da sauƙi. A soya riɗi ko gyaɗa sama-sama. A narkar da sukari a tukunya da wuta kaɗan. A zuba riɗin a juya da sauri, a juye a tiren da aka shafa wa mai, a baje, a yanka tun da zafinsa. Haka nan akwai ƙuli-ƙuli, dakuwa, soyayyar gyaɗa a kwalba da yajin citta.

Maimakon lemon kwalba, a dafa zoɓo da citta da kanumfari, ko a dama kunun zaƙi. A yi amfani da tafasasshen ruwa da mazubi mai tsabta. Kunu ba ya kwana, don haka a yi shi ranar da za a sha.

Mai sana'ar hannu kuwa kyautarsa tana hannunsa. Tabarma, faifai, mafici, kwando, muciya, ludayi, tsintsiya da kujerar zama 'yar tsugunno duk ana bukatarsu a kowane gida. Ɗan'uwan da ya zo daga birni zai fi murna da ƙullin daddawa, doya, dankali ko kwalbar man gyaɗa fiye da abin kanti, domin a birni da tsada yake sayensu.

NAMAN BIKI: A YI WATANDA

Nama ne yake cinye kuɗin biki. Ba dole ne kowane gida ya yanka dabbarsa ba. Watanda tsohuwar dabara ce. Gidaje su haɗa kuɗi su sayi dabba ɗaya, a yanka, a kasa daidai da yawan masu zubi. A ce akuya ta kai naira 60,000. Gida shida kowa ya ba da naira 10,000, kowa ya ɗauki kashinsa. Idan saniya ce, gida ashirin ko fiye suna iya shiga. A zaɓi mutum biyu ko uku masu amana su je saye. A rubuta sunan kowa da abin da ya bayar. A yi rabo a gaban kowa.

Haka ake yi da shinkafa, mai da sukari. Sayen buhu ko jarka a raba ya fi sayen mudu-mudu da kwalba-kwalba sauƙi. Wanda kuma ya fara kiwon zakara biyu tun damina, ba ruwansa da tsadar kaji a Disamba.

KYAUTAR DA BA TA CIN KO KWABO

Wanda ba shi da kuɗi yana da ƙarfi da lokaci. Samari suna iya yi wa kaka yaɓen ɗaki, su gyara mata jinka ko danga. 'Yanmata suna iya yi wa uwa da ƙanne kitso, su ɗebo ruwa, su karɓi girki don uwa ta huta. Mai aski ya yi wa yaran dangi aski. Wanda ya iya rubutu ya rubuta wa ɗan'uwa na nesa takardar gaisuwa da hannunsa. Irin wannan takarda akan ajiye ta shekaru.

Ziyara ma kyauta ce, domin zumunta a ƙafa take. A je a gai da marar lafiya. A zauna da tsohon da 'ya'yansa ba su sami zuwa ba. A tuna da gwauraye da marayu, da waɗanda rikici ya raba da gidajensu suke zaune a wurin dangi ko a sansani. Kwanon abinci ɗaya da rigar da yaro ya girme ta suna iya zama bikin wani gida.

MAƘWABTA

A garuruwa da yawa na Arewa, Kirista da Musulmi katanga ɗaya ce ta raba su. Wani wurin ma uwa ɗaya uba ɗaya ne. Al'ada ce mai kyau Kirista ya aika wa maƙwabcinsa Musulmi abinci da cincin ranar Kirsimeti, shi kuma ya aiko da nasa ranar Sallah. Gidaje da yawa sukan kira Musulmi ya yanka musu dabbar biki domin maƙwabta su ci hankali kwance. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa, amma yana ƙara zaman lafiya. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

ABUBUWAN DA ZA A KIYAYE

Na ɗaya, bashi mai ruwa. Kada a karɓi kuɗi a kan amfanin gonar baɗi. Kada a jinginar da gona, keke ko babur saboda biki. A yi hankali da masu ba da rance ta wayar hannu. Karɓa yana da sauƙi, biya yana da wuya.

Na biyu, gasa. Don maƙwabci ya yanka rago ba dole ne kowa ya yanka ba. Idan kuɗin anko ya fi ƙarfin mace, ta wanke zanenta mai kyau ta goge ta ɗaura. Ba a korar kowa daga sujada saboda tsohon zane.

Na uku, abin fashewa na wasa da yara suke kira banga ko nokawut. Kuɗi ne ake ƙonawa. Yana ƙona hannu, yana lalata ido. A lokacin hunturu ciyawa ta bushe, iska tana kaɗawa, tartsatsi ɗaya yana iya cinye ɗakin jinka da rumbu. 'Yan sanda sukan yi gargaɗi a kansa duk ƙarshen shekara.

Na huɗu, kayan da suka lalace. A lokacin biki akan fito da tsofaffin kayan gwangwani, biskit da lemo a karya farashi. A duba ranar da aka rubuta cewa kayan zai daina aiki. A duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, a bar shi komai arharsa.

Na biyar, giya da burkutu. Kuɗin da magidanci zai kashe a wurin sha cikin kwana biyu yana iya saya wa yaransa duka silifa. Kuma wanda ya sha kada ya hau babur.

A TAƘAICE

A auna hatsi, a ware na ci da na iri. A cire kuɗin makaranta. A rubuta sunaye da abin da za a kashe. A fara tari tun Oktoba, a yi sayayya tun Nuwamba. A yi abin da za a iya yi a gida, a haɗa kai a sayi sauran. Gidan da ya bi wannan tsari zai ci bikinsa cikin murna, yaransa su koma makaranta a Janairu, rumbunsa kuma ya kai shi sabon amfani.

Allah ya sa a yi biki lafiya, ya kuma kai kowa baɗi da rai da lafiya.